Yadda Malam Hambali Ya Kai Jikarsa Gidan Zu

Taƙaitaccen bayani. A wata Asabar cikin watan Mayu, Malam Hambali Sada, mai shekara sittin da tara, tsohon ma'aikacin ƙofofin ruwa a wani ƙauye da ke tsakanin Kura da Bunkure, ya ɗauki jikarsa Saliha, 'yar shekara biyu da wata bakwai, ya kai ta gidan zu a birnin Kano. Sun tashi da ƙarfe takwas na safe, sun dawo da la'asar sakaliya. Ba a samu babban rauni ba, ba a yi asarar rai ba, kuma babu dabbar da ta kuɓuce. Duk da haka, a sakamakon wannan tafiya Malam Hambali ya rasa muƙaminsa, kuma da bakinsa ya kai ƙarar kansa. Abin da ke biye shi ne yadda al'amarin ya gudana.

Muƙamin da ake magana a kai ba na gwamnati ba ne. Na gwamnatin ya ajiye shi shekara tara da suka wuce, bayan ya shafe shekara talatin da ɗaya yana buɗe wa manoma ruwa yana rufewa, yana shan addu'ar waɗanda gonakinsu ke farkon layi da zagin waɗanda ke ƙarshensa. Muƙamin da ya rage masa shi ne rainon Saliha, daga fitowar rana zuwa azahar, kwana shida a mako. Uban yarinyar, Mudassiru, ɗansa ne, kuma yini yake a gona. Uwarta, Nafisat, tana turara shinkafa tare da matan unguwa a bayan injin casa. Babu wanda ya ba Malam Hambali takardar kama aiki. Wata safiya ce kawai Nafisat ta ajiye masa yarinyar a kan tabarma, ta ce, "Baba, ga ta nan, yanzu zan dawo." Wannan yanzun ya kai shekara ɗaya da rabi.

Aikin yana da sharaɗi ɗaya tak, wanda ba a taɓa faɗa ba domin kowa ya san shi. Daga ƙofar gidan zuwa bakin kanal, babbar hanyar ruwan da ta ratsa ƙauyen, taku arba'in da biyu ne na babban mutum. Gefen kanal ɗin siminti ne mai santsi. Ruwansa ba ya hayaniya, kuma abin da ya ɗauka ba ya ajiye shi sai a ƙofar ruwa ta gaba. Malam Hambali ya fi kowa sanin haka, domin shi ne yake tsaye a ƙofar ta gaba duk waɗancan shekaru. Mai raino a wannan ƙauye ba a neman ya iya goyo ko rarrashi. Ana neman ya kasance yana gani.

To, Malam Hambali ya daina gani, ko kuma a ce ya kusa. Yanar ido ce ta fara sauka a idonsa na hagu, ta zauna, ta ga ba a kore ta ba, sai ta aika aka kira 'yar'uwarta ta sauka a na dama. Ba duhu ne ya same shi ba. Duniya ce ta koma masa kamar abin da mutum ke hange daga ƙarƙashin ruwa: haske yana nan, launi yana nan, amma gefen kowane abu ya narke. Mutane suka zama inuwoyi masu tari da takalma, kuma da tarin da ƙarar takalman yake gane su. Alƙur'aninsa yakan buɗe shi a gabansa kamar kullum, ya karanta da ka, ya riƙa juya shafi a inda yake zaton ya kamata. Ya san in maganar ta fito, za a kai Saliha wurin kakarta ta wajen uwa a Bunkure, shi kuma a bar shi da tabarma da rediyo. Saboda haka ya danne maganar, kamar yadda ya ga ana danne takarda a ofis.

Ya kuma ɓullo da dabaru. Ya saya wa yarinyar riguna uku, duka ruwan ɗorawa, ya ce launin ne yake karɓarta. Gaskiyar ita ce shi ne launin da yanar ta kasa haɗiyewa. Muddin yana ganin ɗigon ruwan ɗorawa yana yawo a tsakar gida, hankalinsa a kwance yake. In ɗigon ya nufi zaure, sai ya miƙe.

Da shinkafar rani ta fara nuna, yakan riƙe hannunta su je bakin gonar Mudassiru, inda aka ja igiyoyi aka rataya gwangwanaye da tsakuwa a ciki domin korar tsuntsayen jan-baki. Shi ya fizgi igiya, ya yi ihun masu tsaron tsuntsu, "Haaa-yo!" Ita ta amsa da 'yar muryarta, ta buga nata gwangwanin. Daga nan Saliha ta samo iliminta na halittu, wanda bai wuce babi biyu ba: duk abin da ke da fiffike ɓarawo ne, duk abin da ke da ƙafa huɗu akuya ne.

Asirin ya fara tsagewa ne ranar Laraba. Malam Hambali ya fito daga ɗaki, ya tarar da wani mutum gajere mai ƙiba a jingine a zaure, ya yi masa sallama, ya tambaye shi gajiya da iyali.

Nafisat tana tsaye da tsintsiya a hannu. Ta ce, "Baba, da wa kake magana?"

Ya miƙa hannu ya taɓa baƙon, ya ji buhun shinkafa ne. Ya ce, "Da buhu. Ya fi wasu mutanen garin nan iya sauraro."

Ta yi dariya daidai gwargwadon da ladabi ya wajabta. Amma da yamma, yana alwala a bayan ɗakinsu, ya ji ta ambata wa Mudassiru Bunkure sau biyu.

A nan ne ya yanke shawara. Mutumin da ya ɗauki ƙaramar yarinya ya kai ta birni, ya nuna mata zaki, ya dawo da ita lafiya, ba a tsayawa a tambaye shi ko yana gani. Abin da yake bukata hujja ce, wadda za ta rufe maganar shekara ɗaya, ko biyu in Allah Ya so, har yarinyar ta san kanal da kanta.

Nafisat ta ce, "Gidan zu, Baba? Kai kaɗai?"

"Ni da ita. Mu biyu ke nan."

"Ko a bari sai Juma'a, Abban Saliha ya raka ku?"

"Na raba wa gonaki sun fi dubu ruwa, ban taɓa neman rakiya ba. Mace ɗaya ba za ta gagare ni ba."

Suruka ba ta jayayya da uban mijinta fiye da zance biyu. Ta wanke rigar, ta shanya.

Ranar Asabar suka shiga gaban akori-kurar Maharazu, wanda ke kai buhunan shinkafa birni, kuma ya daɗe yana tsokanar Malam Hambali tun zamanin da gonarsa take ƙarshen layi.

Maharazu ya ce, "A'a, Sarkin Ruwa murabus! Ina aka nufa da amarya da sassafe?"

"Gidan zu."

"Ita za ka nuna wa dabbobi, ko kai za a ajiye a can?"

"Danginka za mu je mu gaisar. Akwai saƙo?"

"Ka ce da biri ya dawo mini da hulata."

Motar ta hau titi. Gonakin shinkafa suka riƙa wucewa ta gefen tagar kamar wani kogi kore da ba shi da gaɓa, nan da can fari-farin belbelu suna tashi daga cikinsa suna narkewa a sama. Saliha tana kan cinyarsa, ƙeyarta tana ƙanshin man kaɗanya, tana yi wa kowace belbela ihu. Sannu a hankali koren ya ƙare, ƙarar injuna da hon ta maye gurbinsa, warin hayaƙi ya shigo. Malam Hambali ya lumshe ido. Bambancin bai yi yawa ba.

Sau ɗaya ya taɓa zuwa gidan zu, shekarar da ya auri marigayiya Barira. Ranar ta sa lulluɓi shuɗi, kuma da jimina ta miƙo wuya ta kalle ta, sai ta ɓuya a bayansa, ta ce wannan kazar ba ta da tarbiyya. Tun daga lokacin, a cikin kansa, wurin bai sake ba. Yana zaton zai iya bin hanyoyinsa da tunani, kamar yadda yake bin surori.

Maharazu ya sauke su a bakin ƙofa, ya ce zai dawo ƙarfe biyu. Malam Hambali ya riga ya raba kuɗinsa aljihu-aljihu tun a gida, kowane aljihu da nasa iri, don haka ya biya kuɗin shiga ba tare da ya kai takarda kusa da hanci ba. Ya ƙirga wannan a matsayin nasara ta farko.

Cikin wurin inuwa ce mai sanyi. Manyan itatuwa sun haɗe kai, haske yana zubowa ta tsakaninsu guntu-guntu yana rawa a ƙasa, har ya ji kamar suna tafiya a gindin wani tafki ne, mutane suna iyo a hankali ta gefensu. Daga nesa wani abu ya yi nishi mai zurfi, ƙasa ta amsa. Ya damƙe hannun yarinyar, suka bi inda ƙafafun jama'a suka nufa.

A keji na farko ya ce, "Amarya, me kika gani?"

Saliha ta yi nazari. Ta ce, "Akuya."

"Wace iri?"

"Ta kwanta."

Wani mutum a gefensu yana ce wa 'ya'yansa, "Ga zaki nan, ku kalle shi da kyau." Malam Hambali ma ya kalle shi da kyau. Ya ga tarin ɓuntun shinkafa a bayan ƙarafa, yana kumbura yana sacewa. Ya yi tunanin shekarun da ya yi yana jin tsoron wannan suna, ya ga ashe ɓuntu ne mai numfashi.

Haka suka ci gaba, ita tana ba da rahoto, shi yana ɗauka. An samu akuya mai zane. An samu akuya mai ƙaho dogo. An samu akuya mai ɗaki a bayanta, wadda ba ta sauri. Kowacce ta faɗa sai ya gina ta a cikin kansa daga abin da ya tuna da abin da ta ce, har ya tara wani garke da Allah bai halitta ba, suna biye da su a baya a hankali, ba sa ƙara. A wurin birai ne kawai ta sauya hukunci.

"Tsoho, yaro! Yaro ya hau!"

"Wa ya aike shi?"

"Ba wando."

"To, ba ɗan gidan kirki ba ne. Mu wuce."

Da suka zo wani wuri mai warin laka, ya ji ruwa tun kafin ta yi magana. Ruwa ne tsayayye, mai nauyi, wanda wani abu ya motsa a cikinsa sau ɗaya ya bari.

Ta ce, "Akuya a ruwa."

Ya ɗauke ta cak, bai sauke ta ba sai da warin ya ɓace. Kada ne.

Wajen sha biyu rana ta yi zafi ko a inuwar. Suka zauna a kan wani benci, ya saya mata dafaffen ƙwai da yogot. Masu bincike, in da za a naɗa su, a nan za su sa alama: ɓare ƙwai yana bukatar hannu biyu. Malam Hambali ya saki hannun yarinyar. Ƙwan sabo ne, ɓawonsa yana kama jiki, sai da lallashi. Yana ɓarewa yana jin kukan jimina daga wani ɓangare, sai ya ga lulluɓi shuɗi ya gifta ta tsakanin itatuwa, ya bi shi da ido har ya narke. Bai san tsawon lokacin da ya yi a can ba.

Da ya dawo, ya juya ya miƙa ƙwan, babu kowa a gefensa. Bai tsorata ba, domin ga ɗigon ruwan ɗorawa can gaba kaɗan, daidai tsayin yarinya, yana tafiya yana rangaji irin tafiyarta. Ya miƙe ya bi shi.

"Amarya, a hankali. Ba kora ake yi ba."

Ɗigon bai tsaya ba, bai kuma yi sauri ba. Suka bi wata hanya mai ganye a ƙasa, suka wuce inuwoyi masu huci, suka wuce wani abu baƙi mai girman rumbu da ke kaɗa kunnuwa. Malam Hambali yana biye, ƙwai a hannu, yana yi mata bayani. Ya gaya mata wannan ita ce giwa. Ya gaya mata kakarta Barira ta taɓa tsayawa a nan, kuma da tana raye da ta yi mata kitso. Ya gaya mata yadda ake buɗe ƙofar ruwa da asuba, yadda ƙarfen ke da sanyi a hannu, yadda ruwan ke fara shigowa kamar mai jin kunya sannan ya sake jiki. Bai taɓa samun ta saurare shi haka ba. Ya ji daɗin tafiyar ƙwarai.

Sai ɗigon ya tsaya. Ya ɗago sama. Ya karkata. Ruwa ya fara zuba daga cikinsa, ɓul-ɓul-ɓul, a cikin wani kwano.

Wata murya ta ce, "Baba, lafiya? Tun daga wajen benci kake bina kana ba ni labari."

Ma'aikacin wurin ne, mai kai wa dabbobi ruwa. Abin da Malam Hambali ya biyo jarka ce.

Ya kamata a rubuta abin da ya faɗa a lokacin yadda yake, domin shi ne laifin da ya fi na ƙwan girma. Ga mutum a gabansa, mai ido biyu, wanda ya san kowane lungu na wurin. Malam Hambali ya buɗe baki, sai shekara guda ta ɓoyo ta riga shi magana. Ya ce, "Ba komai, ɗana. Sannu da aiki."

Mutumin ya ɗauki jarkarsa ya tafi.

Ya juya ya duba. Sai ya tarar duniya ta cika da ruwan ɗorawa. Hijaban 'yan mata, ledojin da iska ke ja, kulolin masu sayar da ƙanƙara, guntayen rana a ƙasa, kowanne yana motsi, kowanne daidai tsayin yarinya. Ya nufi ɗaya, ya zama kujera. Ya nufi wani, ya zama ɗiyar wasu, uwarta ta janye ta. Bai san ta ina benci yake ba. Abin da kunnensa ya sani kawai shi ne ruwa, kuma a wani wuri ta hannun hagu akwai wancan ruwan mai nauyi. Ya san yadda yara ke tafiya wurin ruwa: ba sa gudu, ba sa kuka, zuwa kawai suke yi. Ya taɓa tsayawa a ƙofa ta gaba sau uku yana jira da ƙugiya a hannu. Ya yi taku biyar da sauri, ƙaurinsa ya daki wani ƙarfe, ƙwan ya faɗi.

Ya kira sunanta, hayaniyar Asabar ta cinye shi. Ya sake kira, haka.

Daga nan sai Malam Hambali Sada, dattijo mai babbar riga da hula zanna, wanda bai taɓa ɗaga murya a cikin jama'a ba ko a ranar da manoma suka kewaye shi da fartanyu, ya tsaya a tsakiyar hanya, ya cika ƙirjinsa, ya saki ihun bakin gona.

"Haaa-yo!"

Wurin ya yi tsit. Sannan itatuwa suka fashe da tsuntsaye. Birai suka ɗauka. Wani yaro ya fara kuka, wasu samari suka kwashe da dariya. Shi bai ji ko ɗaya ba, ya karkata kai yana jira.

Daga nesa, ta hannun dama, ba ta wajen ruwa ba, wata 'yar murya ta amsa, "Haa-yo!" Sai ƙarar gwangwani a jikin ƙarfe, kwan, kwan, kwan.

Ya nufi muryar, amma tsakaninsa da ita akwai shinge, da kwata, da hanyoyin da suka karkace ba yadda ya bar su ba shekara arba'in da suka wuce. Ya yi karo da wata mata mai goyo.

Ta ce, "Subhanallahi! Baba, ba ka gani ne?"

Tambaya ce irin wadda ake yi ba don a ji amsa ba. Ya amsa.

"Ba na gani, baiwar Allah. Jikata ce take bugun gwangwanin can. Ki kai ni."

Kalmomin sun fito da sauƙi fiye da yadda ya zata, kamar haƙorin da ya daɗe yana girgiɗi. Matar ta kama bakin hannun rigarsa ta ja shi.

Suka same ta a gaban babban kejin tsuntsaye, takalmi ɗaya a ƙafa, gwangwanin madara da ta tsinta a hannu, tana dukan ragar waya da iyakar ƙarfinta. A ciki gauraka da shamuwa da wasu da bai san sunansu ba suna tashi su bugi rufin raga, su sauko, su sake tashi, iskar fukafukansu tana kaɗa masa riga. Ya durƙusa, ya lalubo ta, ya shafa kanta da kafaɗunta da ƙafafunta ɗaya bayan ɗaya, kamar mai karɓar kaya. A bushe take.

Ita kuwa ranta a ɓace yake. Ta ce, "Tsoho, sun ƙi tafiya."

Ya ce, "Ba su da inda za su, amarya."

Matar ta gyara goyonta. Ta ce, "Haba, Baba. Ka san ba ka gani, ka fito da ƙaramar yarinya kai kaɗai? Ina iyayenta?"

"Suna wurin aiki."

"Sun san halin da idonka yake ciki?"

Ya shiga gyara wa yarinyar riga.

Ta ce, "Allah Ya kyauta. Taso in kai ku ƙofa."

Ya ɗora Saliha a kafaɗa, matar tana gaba riƙe da hannun rigarsa. Sun kusa fita sai ya ji yarinyar ta sandare a wuyansa. Wata inuwa ta sauko musu daga sama, a hankali, da ƙanshin ɗanyen ganye.

Ya ce, "Me kika gani?"

Wannan karon Saliha ba ta ce akuya ba. Ya ɗaga kai don kansa.

Ya gan shi. Raƙumin dawa ne, kuma Allah Ya yi shi da launin da yana ba ta haɗiyewa. Wuyan ya taso daga can ƙasa, falle-falle na ruwan ɗorawa, yana hawa yana hawa har ya shige cikin ganyaye, sannan ya lanƙwaso ya dawo, ya kawo musu kai kusa, ya hura musu iska mai ɗumi. Rabon Malam Hambali da ya ga abu guda daga farkonsa zuwa ƙarshensa ya fi shekara. Suka tsaya su biyu, kai bisa kai, suna kallo. Dabbar ta gama duba su, ta miƙe, ta tafi da wata irin tafiya kamar ana tura ta a kan ruwa, ta yi ta ƙanƙancewa har ta zama ɗigo, ɗigon ma ya narke.

Matar ta ce, "Baba, ni ma fa ina da yara suna jirana."

A hanyar dawowa Saliha ta yi barci tun kafin su fita daga birni. Maharazu ya tambaya ko an ga danginsa, aka ce an gan su, suna gaishe shi, sun ce hular ta yi musu yawa. Bayan haka Malam Hambali ya shiga duba matsayin shari'arsa. A takarda, tafiya ta yi nasara. Ga yarinya lafiya. Matar ba ta san sunansa ba, ba ta san ƙauyensu ba. Mai jarka bai san komai ba. Shaidar da ta rage guda ce, kuma duk bayaninta akuyoyi ne. Takalmi kuwa, yara suna yar da takalmi kullum. Hujjar da ya fita nema tana kan cinyarsa, tana numfashi.

Motar ta hau 'yar gadar shiga ƙauye. Ta tagar ya ji kanal ɗin yana wucewa a ƙasa, shiru, cike har baki, domin ranar ranar sakin ruwa ce.

Nafisat ta tare su a zaure. Ta ce, "Sannunku da zuwa, Baba. Kai, har ta yi barci! Ina takalminta ɗaya?"

Ya ce, "Mudassiru ya dawo?"

"Yana ciki."

"Kira shi. Ki zo ke ma."

Ya zauna a kan tabarmarsa, suka durƙusa a gabansa, inuwa biyu. Ya ba su rahoto a tsare, tun daga buhun ranar Laraba har zuwa kejin tsuntsaye, bai rage ƙwan ba, bai rage jarkar ba, bai kuma rage abin da ya ce da mai jarkar ba. Mudassiru bai ɗago kai ba. Nafisat ta miƙa hannu ta ɗauke yarinyar daga cinyarsa, ya ji wurin ya yi sanyi.

Ta ce, "Minti nawa, Baba?"

"Ban sani ba. Agogon nan ɗaura shi kawai nake yi tun bara."

Ya ji ta ja numfashi ta cikin mayafi. Ta ce, "Da ka faɗa mana."

"Da na faɗa, da kun ɗauke ta."

Ta ce, "Da mun ɗauke ta, Baba."

Ya ce, "To. Ku ɗauke ta."

Mudassiru ya ce in an yanke shinkafa zai kai shi a duba idon, ya ji ana cire irin wannan yanar. Malam Hambali ya ce Allah Ya kai mu. Ya nemi a miƙo masa buta, domin la'asar tana neman kuɓucewa.

Abin da tafiyar ta ci:

Kuɗin mota, zuwa da dawowa, naira dubu uku, Maharazu ya ƙi karɓar na yarinya.

Kuɗin shiga, naira dubu ɗaya.

Yogot ɗaya, naira ɗari biyar, an sha rabi.

Dafaffen ƙwai ɗaya, naira ɗari uku, ba a ci ba.

Takalmin roba ƙafa ɗaya, na hagu.

Fatar ƙauri, kimanin faɗin yatsa biyu.

Aikin raino, kwana shida a mako, an karɓe daga ranar Litinin.